Tsakanin Neja da Nijar

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Minna, kuma ba abin da ke ɓata mini rai a aji kamar a haɗa mini Neja da Nijar. Neja jiharmu ce, wadda muke zaune a cikinta. Nijar kuwa ƙasa ce mai zaman kanta, can arewa da Sakkwato da Katsina, da tutarta da kuɗinta. Na sha tsayar da aji guda a rana saboda wannan, na sha soke amsa sukutum da jan biro. Ina faɗar haka tun farko ne don kada wani ya nema mini uzuri ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Mahaifina dillalin doya ne. Duk ranar kasuwar Gwada yana can, kuma a can ya haɗu da wani manomi Gbagyi daga wani ƙauye da ke gaba da Gwada, ta wajen kogi. Ciniki ya haɗa su, daga baya abin ya zama zumunci. Mu dai mun tashi muna ce masa Baba, matarsa kuma Mama. Shi Kirista ne, amma ba Sallar da za ta zo bai aiko mana da doya ba, mu ma in Kirsimeti ta zo shinkafa da mai sai sun isa gidansa. Da mahaifina ya rasu, kwana uku Baba ya yi zaune a kan tabarmar makoki, yana karɓar gaisuwa tare da mu. Bayan nan ma bai yanke ba, duk shekara sabuwar doya tana fitowa za a sauke mini rabona a ƙofar gida.

Wata rana da yamma, bayan an gama girbi, na dawo daga makaranta na tarar da su biyu a zaune a tsakar gidana a unguwar Sauka Kahuta. Ƙafafunsu furu-furu. 'Yan bindiga ne suka shiga ƙauyensu a kan babura da rana tsaka, suka ƙona rumbuna, suka kora shanu, suka kashe wanda suka kashe. Cikin waɗanda suka kashe har da ɗansu, wanda shi kaɗai ya rage yana noma tare da su. Sun yi mako biyu a wata makarantar firamare a Gwada tare da sauran waɗanda suka gudo, ana kwana a aji kamar an zuba kaya, har Baba ya ce shi ba zai iya ba. Mama ta shigo da wani buhu a kafaɗa, yadda matansu suke ɗaukar kaya. Maiɗakina ta ɗauka tufafi ne, ta karɓa za ta kai ɗaki, sai nauyin ya kusa kayar da ita. Irin doya ne, 'yan ƙanana, abin da suka iya tsinta daga gefen rumbun da wuta ba ta cinye ba.

Baba ya nemi katako, ya jera irin a inuwar bayan ɗaki, ya rufe da busasshiyar ciyawa. Daga nan ya zauna, kuma zaman ne ya zame mana tashin hankali. Mutumin da na sani yana tashi da kwanon sakwara shi kaɗai yana neman ƙari, sai ga shi loma biyu ya ture kwano. Ba ya magana, ba ya fita ko ƙofar gida. Na kai shi asibiti aka ce jininsa ne ya hau, aka ba shi ƙwayoyi, yana sha don kada ya ɓata mini rai. Wuyansa ya zama kamar na kazar da aka fige. Na tabbata a raina cewa in aka ci gaba a haka, tsohon nan a ɗakin baƙina zai mutu kafin damina. Don in rage masa kaɗaici na ba shi tsohuwar rediyona.

Kwana kamar goma bayan nan, ina zaune ina duba littattafan ɗalibai bayan la'asar, sai ga shi ya fito da rediyon a hannu. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun zuwansu.

"Malam," ya ce, "gaskiya ne sojan Amurka yana Neja? Da jirgi wanda babu direba, yana ganin mutum ko a cikin daji?"

Nan take na gane abin da ya faru. Ni ma na san shirin. Ana magana ne a kan sansanin da Amurka take da shi can cikin saharar Nijar, inda take tayar da jirage marasa matuƙi tana leƙen 'yan ta'adda. Rediyo Nijar ta ce. Amma a kunnen Baba, da a bakinsa ma, kalmomin biyu abu guda ne. Tsakanin gonarsa da sansanin nan akwai tafiyar kwanaki a mota, da iyakar ƙasa a tsakiya. Na buɗe baki zan yi abin da na saba yi a aji. Daidai lokacin maiɗakina ta ajiye masa kwanon tuwo, sai na ga ya kai hannu ya yanko loma ya sa a baki, idonsa a kaina, yana jiran amsa.

Na ce, "E, Baba. Suna nan."

Ya cinye tuwon nan tas, ya side hannu.

Ƙaryar ba ta yi mini nauyi a baki ba, kuma na san dalili. Ni da kaina na daɗe ina yi wa Amurka bara a garin nan. Lokacin da jirage suka daki dogayen gine-ginen nan nata, ina sabon malami, a teburin mai shayi muke kwana muna musu. Ni ne mai cewa wata guda ya yi yawa za su kamo duk mai hannu a ciki, wai daga sama suna iya karanta lambar mota. Har abokai suka laƙaba mini jakada, in na doso sai a ce a matsa ga jakadan Amurka nan ya iso. Ina jin daɗi kuwa, kamar wani ya taɓa ba ni ko biro daga can. Shekara ashirin suka yi suna yaƙi a ƙasar nan mai duwatsu, sannan wata rana a ɗakin malamai na gani a waya, sun kwashe kayansu za su tafi, mutanen da suka dogara da su suna bin jirgi da gudu, wasu sun maƙale a jikinsa har ya tashi da su. Abokai suka ce jakada yaya, na ce su rabu da ni. Tun ranar bakina ya mutu a majalisa. Don haka ranar da na ce wa Baba suna nan, na riga na san ko a tsakiyar Kasuwar Kure ta nan Minna suka kafa sansaninsu ba wanda zai je ya ƙwato masa gona.

Amma tsoho ya farfaɗo, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ya fara wanka da kansa ba sai Mama ta yi ta fama ba. Ya gyara mini katangar bayan gida da ta daɗe tana jiran mai gyara. In jirgi ya gitta ta saman gari, ko wane iri ne, sai ya fito tsakar gida ya kare ido da hannu ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya juyo ya gyaɗa mini kai, irin na mu biyu mun san abin da ake ciki. Ni kuma in gyaɗa masa.

Tambayoyi suka fara zuwa, kuma kowace tambaya sai na ƙara mata wata ƙaryar. Ya ce a ina suka sauka, na ce ai irinsu ba sa bari a san wurinsu. Ya ce me ya sa har yanzu ba su shiga dajin ba, na ce nazari suke yi, Bature ba ya aiki da gaggawa. Ya ce to da suka zo gwamna ne ya kira su ko shugaban ƙasa, na ce duka biyun. Wallahi har mamakin kaina nake yi yadda amsoshin suke zuwa mini a shirye. Maiɗakina ta same ni a ɗaki ta ce, Malam, abin nan da kake yi ba zai ƙare da kyau ba, gara ka gaya masa tun da sauran dama. Na hau ta da faɗa. Na ce so take ya mutu a hannuna, in rasa bakin da zan yi wa mahaifina bayani gobe kiyama? Na ce ita da ke wanke kwanonsa ai ta fi kowa ganin bambanci. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya fara fita ma. Yakan taka har layin 'yan doya a Kasuwar Kure, inda yake haɗuwa da mutanen yankinsu da suka zama 'yan dako da masu gadi. Daga baya na ji cewa yana ba su labarin, wasu su yi dariya, wasu su yi shiru don girmansa. In an yi masa gardama amsarsa ɗaya ce: Malam ne ya faɗa, shi ne yake koya wa yara taswirar duniya. Da aka kawo mini wannan maganar raina ya sosu, amma ban yi komai a kai ba.

Zafi ya shigo, irin doyan nan ya fara tsiro. Kullum da safe Baba zai ɗage ciyawar ya juya su ɗaya-ɗaya, ya karye tsiron da ya yi tsawo don kada ya shanye ƙarfin irin. Wata rana Mama ta ce ko a dafa kaɗan kafin su lalace, sai da na shiga tsakani, don ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Ya ce irin nan daga hannun ubansa ya karɓe shi, in ya wuce daminar bana ba a binne shi ba, shi ke nan ya ƙare. Na yi ta yawo har na samo aron wani ɗan fili a bayan gari, na ɗauke shi a babur muka je. Ya duƙa ya damƙi ƙasar ya murza a hannu, ya watsar. Ya ce wannan ta gyaɗa ce, tsakuwa zalla, doya ba za ta yi ƙasa a nan ba. Muka dawo gida. A makon ne aka yi ruwan farko.

Labarin ya same ni a ɗakin malamai. Sojojin da suka karɓi mulki a Nijar sun ce Amurka ta kwashe sojojinta, ita kuma bayan 'yan kai-da-kawo ta yarda za ta tafi. Malamai suka kaure da musu, wannan ya ce zamaninta ya wuce, wancan ya ce wata ƙasar ce za ta maye gurbinta, mu dai sai kallo. Ni abin da na ji a raina sauƙi ne. Na ce Alhamdulillahi, ƙaryar za ta mutu da kanta. Baba zai ji sun tafi, zai yi baƙin ciki na kwana biyu, ni kuma na fita ba tare da na taɓa cewa na yi masa ƙarya ba. Dubi irin lissafin mai ilimi.

Na shiga gida na tarar da shi zaune a kan turmi yana wasa garmar da ya aro a maƙwabta. An kwashe irin an mayar buhu, an ɗaure baki. Fuskarsa kamar ta ango.

"Malam, ka ji? Sun gama aiki. Rediyo ya ce za su koma gida."

Na ce wane aiki, Baba? Ya dube ni kamar ni ne ba na fahimta. Ya ce in ka ɗauki mutum sharar gona ka ga ya rataya gatari zai tafi, ai ya gama ne. Babbar ƙasa kamar wannan, da jirage, da komai, za ta taso tun daga can ta zo aiki sannan ta tafi ba ta gama ba? Wa zai yi wannan abin kunya? Tun da za su tafi, daji ya yi tsab. Gobe shi zai kama hanya, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi.

A tsaye nake da jakar makaranta a hannu na gaya masa gaskiya duka. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin taswira na buɗe a kan gwiwarsa. Na ce ga Neja, ga Minna, ga wajen ƙauyenku. Ga Nijar can sama, ƙasa ce daban. Na ce ba su taɓa zuwa nan ba, ba su san da ku ba, kuma can ɗin ma ba gamawa suka yi ba, korar su aka yi. Na ce tafiya ba a gama aiki ba kuwa halinsu ne, na gani da idona a waya. Ya bi yatsana da kallo har na gama, sannan ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini.

"Wata hudu kana ce mini suna nan," ya ce. "Yau da na ce zan tafi, sun koma wani kasa?"

Na rantse masa da Allah. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba, har maƙwabta suka leƙo. Na ce ƙarya na yi masa don ya ci abinci. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Murmushi ya yi ya ce ya gane, ni ɗan abokinsa ne, ina jin tsoro kada wani abu ya same shi, kuma ya gode. Ya ce mahaifina ma haka yake, in ba ya son ka tafi sai ya ce mota ta lalace. Na duba na ga ba ni da sauran abin da zan kama. Ko ta yaya dai ni maƙaryaci ne, ko a da ko a yanzu, shi kuma ya zaɓi ya yarda da wadda za ta bar shi ya yi shuka. A ƙarshe na roƙe shi ya bari sai Asabar, in ɗauke shi mu je Gwada tare mu tambayi masu fitowa daga dajin. Ya ce to.

Da safe na tafi makaranta, muna cikin jarrabawa. Ina fita shi ma ya fita. Ya ce wa Mama ta zauna tukuna, in ya gyara rufin ɗaki zai aiko a ɗauke ta. Maiɗakina ta kira ni ya fi sau goma, wayar tana cikin aljihun tebur a kashe, sai bayan azahar na gani.

Na bi shi Gwada a ranar. Kasuwar da na sani tun ina bin mahaifina, inda tulin doya yake kare maka ganin mutum, na tarar da rabin rumfuna ba kowa. 'Yan acaba suka ce e, sun ga tsoho da buhu da garma. Sun gaya masa hanyar ba ta biyuwa, ya ce musu ba su ji labari ba ne. Ɗaya ya kai shi bakin wani rafi inda su ma suke tsayawa, ya sauke shi, Baba ya ƙarasa da ƙafa. Na ce a kai ni rafin, aka kai ni. Na tsaya a nan ina kallon hanyar ta shige cikin bishiyoyi, ba motsin kowa, ko kukan akuya babu. Ban tsallaka ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, na juyo na dawo Minna kafin magariba.

Kwana biyar bayan nan 'yan banga suka kawo labari Gwada, daga can aka bugo mini. A gonar suka same shi, an harbe shi. Sun ce ya yi kunya layi uku ya binne iri, sauran yana cikin buhu a gefensa. Ba su iya ɗauko shi ba, a nan suka haƙa suka rufe shi cikin sauri.

A gidana aka yi zaman makoki. Faston cocinsu ya zo da mutanensa, abokaina na majalisa ma suka zo. Maƙwabtan da suka ji ihuna ranar nan suka riƙa ba kowa labari cewa Malam ya yi iya ƙoƙarinsa, har da littafi ya ɗauko, tsohon ne ya ƙi ji. Mutane suna riƙe hannuna suna cewa Allah ya saka mini, ba kowa ne zai riƙe abokin ubansa haka ba. Ina amsawa da amin. Maiɗakina tana raba ruwa, ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Bayan mako uku 'yarsu da ke aure a wani gari ta zo ɗaukar Mama. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin tana ɗaure 'yan tufafin da maiɗakina ta ba ta. Ba ta ɗago ba ta fara magana. Ta ce ita ta san akwai wani Nijar tun da daɗewa. Ƙaninta ya taɓa zuwa can yana saurayi, ya bi wata motar kaya, ya dawo ya ce ba ruwa, ba doya, kuɗinsu ma daban ne.

Ban san inda na samu bakin tambayar ba. Na ce, "To Mama, me ya hana ki gaya masa?"

"Na gaya masa," ta ce. "Tun ranan farko. Ya ce Malam ya ce suna nan. Ni ban yi makaranta ba, dana. Sai na ce watakila ni ne na yi kuskure."

Ta ƙarasa ɗaure ƙullin. Ba fushi a muryarta, ba kuma zargina take yi ba, labari kawai take ba ni. Da muka fito ƙofar gida ta tsaya ta yi abin da ake yi in za a rabu, ta ce sun zauna mana wata da watanni, sun ci sun sha, in akwai laifin da suka yi mini ita da marigayi in yafe musu. Ta tsaya tana jira. Maiɗakina ce ta ce ba komai Mama, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta karɓi ƙullin ta raka su bakin titi.